Lauyoyin da suka tsara dukiyar Alhaji tun yana da ransa: inda suka burge ni da inda suka gaza

Tun ƙarshen 2024, da aka kai ƙudurorin gyaran haraji gaban Majalisar Tarayya, maganar za a fara cire haraji a cikin gado ta cika garin nan na Kano. A Kwari ita ake yi, a ƙofar masallaci bayan Magariba ita ake yi, gidajen rediyo ma ba su bar ta ta huce ba. Taiwo Oyedele, wanda ya jagoranci kwamitin gyaran, ya sha fitowa yana cewa babu wannan zance. Shugaba Tinubu ya sa wa dokokin hannu a watan Yunin 2025, aka tsayar da Janairun 2026 a matsayin lokacin fara aiki da su, kuma babu harajin gado a ciki. Amma hayaniyar ta yi mana rana a gidanmu, domin ita ce ta sa mahaifinmu ya amince ya zauna da lauya a kan dukiyarsa, abin da muka daɗe muna lallaɓa shi yana cewa kada mu kira masa mutuwa. Ni ke riƙe masa littattafan shago, don haka ni aka ɗora wa zirga-zirgar. Ba zan faɗi sunan ofishin ba, tunda ba talla nake yi musu ba, kuma akwai wuraren da zan soke su.

Ofishin yana saman wani bene a titin Zoo Road, ɗakuna ƙanana, fayil a jibge har kan kujerar baƙi. Babban cikinsu ya yi digirinsa a Jami'ar Bayero, inda ake haɗa dokar Turawa da shari'ar Musulunci a karatu ɗaya, kuma suna da wani malamin fara'id da suke kira idan lissafin rabo ya taso. Wannan haɗin shi ya sa muka zaɓe su. Lauyan da ya san haraji bai san tumuni da sudusi ba, jefa ka zai yi cikin saɓon Allah yana ganin taimakonka yake yi.

Zaman farko Alhaji bai tsaya kewaye-kewaye ba. Ya ce, "Barista, so nake ka ɓoye mini abin da na tara, kada gwamnati ta ci rabon marayu."

Lauyan ya ce, "Ranka ya daɗe, ba na ɓoye dukiya, kuma abin da kake gudu babu shi a ƙasar nan. An taɓa yin dokar harajin dukiyar da ta sauya hannu a 1979, aka soke ta a 1996. Abin da zai ci rabon marayunka daban ne, bari in lissafa maka."

Ya lissafa kuwa. Banki ba ya sakin kuɗin mamaci sai da takardar kotu, kuma takardar izinin kula da dukiyar mamaci ana biyan wani kaso na darajar dukiyar kafin a ba da ita, kason ya bambanta daga jiha zuwa jiha. Ga bashin kuɗin ƙasa da ke taruwa a kan filaye shekara da shekaru. Ga masu ƙiyasta gidaje da dillalai da la'adarsu. Ga lauyoyi idan rigima ta ɓarke tsakanin ɗakuna. Ga shago a kulle ana jiran rabo, atamfar da ake yayi bana ta koma kwantai baɗi, naira kuma tana zubewa a asusun da ba mai ikon taɓawa. Ya ƙara da cewa gadon kansa ba a cire masa haraji, amma hayar da magaji zai riƙa karɓa daga gidan da ya gada kuɗin shiga ce kamar kowace. A nan ya fara shiga raina. Mutum ya zo masa a tsorace da kuɗi a aljihu, da ya ga dama sai ya ƙara hura masa tsoron ya caje shi yadda yake so.

Aikinsu mafi kyau shi ne ƙidayar dukiya, kuma shi ne wanda ba wanda ke ɗaukarsa da muhimmanci. Wata matashiyar lauya da magatakardansu suka zo har shago, suka shiga sito, suka zauna a kan dilolin kaya suna bin littafin bashi layi-layi. Ita ce ta sa yatsa a kan wani shafi da Alhaji ya rubuta da ajami ta ce, "Baba, wannan kuɗin na wane ne?" Sai ga shi gwal ɗin Hajiya Babba ne da ta sayar tun shekarun baya ta zuba a shago ana juya mata, babu rasit, babu shaida, sai wannan layi ɗaya da ni kaina nake tsallakewa kullum. Akwai kuɗin ajiyar mutanen ƙauyenmu. Akwai gidan Fagge da har yau sunan kakanmu ne a takardarsa, rabon Gwaggo yana ciki ba a taɓa fitar mata ba. Duk wannan ba dukiyar Alhaji ba ce. Da an wayi gari babu shi, da an haɗa an ƙiyasta, an biya kaso a kan abin da ba nasa ba, an kuma raba wa magada haƙƙin wasu. Suka ware kowanne, aka rubuta, masu shi suka sa hannu gaban shaidu.

Sun kuma tono hannayen jarin bankuna da ya saya kafin kasuwar ta rushe a 2008, ribarsu tana can ba a karɓa saboda adireshin da ya bayar tsohon akwatin gidan waya ne. Da asusu biyu da ya manta da su. Suka ja kunnenmu a kan sunan makusanci da ake cikawa a fom ɗin banki: wannan suna na wanda za a tuntuɓa ne kawai, ba ya mayar da mutum mai kuɗin. Mutane da yawa a garin nan suna zaune da wannan ruɗu.

Filaye kuwa, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, kuma wanda ke da satifiket ɗin mallaka ba ya sayarwa ko kyautarwa ta cika a doka sai da amincewar gwamna. Filinmu na Rijiyar Zaki takardar mai unguwa kawai gare shi. Suka buɗe masa fayil a KANGIS, hukumar da ke kula da takardun filaye a Kano, suka lissafa bashin kuɗin ƙasa na sauran gidajen aka biya tun mai su yana iya sa hannu da kansa.

Inda aka daɗe ana muhawara shi ne kyauta. Alhaji ya ce ai ya gama da iyayenmu mata, kowacce ya ba ta gidan da take ciki, kowa ma ya sani. Malamin fara'id ya gyara zama ya ce, "Allah ya gafarta Alhaji, ba ka ba su komai ba tukuna." A mazhabar Malikiyya kyauta ba ta tabbata sai da hauzi, wato wanda aka ba ya karɓe abin ya shiga hannunsa tun mai bayarwa yana raye da lafiyarsa. Idan mai kyauta ya rasu kafin haka, abin ya koma cikin gado. Ya kawo mas'alar da ke cikin Muhtasar na Halil: mace za ta iya ba mijinta gidan da suke zaune ciki kyautar ta inganta, amma miji ya ba matarsa gidan da shi ma yake kwana ciki, wannan ba hauzi ba ne, domin zaman gida ga namiji ake jingina shi. Kyautar da aka yi a ciwon ajali kuma hukuncin wasiyya take ɗauka, ba ta wuce sulusi. Na ga fuskar Alhaji ta canza. Shekara nawa yana ganin ya rufa wa matansa asiri, ashe magana ce a iska.

Mafitar da suka kawo mai sauƙi ce. Kowace Hajiya aka ba ta gidan haya guda, aka sauya takarda zuwa sunanta, aka tara 'yan haya aka gaya musu daga yau ga mai gida, kuɗin haya kuma asusunta yake shiga. Da Alhaji ya so ya fifita wasu cikin 'ya'ya da kyauta, sai suka tuna masa hadisin Nu'umanu ɗan Bashir, wanda mahaifinsa ya ba shi kyauta shi kaɗai, Annabi (SAW) ya ƙi zama shaida ya ce a yi adalci tsakanin 'ya'ya. Lauyan ya faɗa masa a fili cewa ba zai rubuta takardar da manufarta hana wani magaji rabonsa ba, ko nawa za a biya shi. Ni dai a wurina wannan kaɗai ya isa a ba su maki.

Wasiyya ba ta ɗauki lokaci ba. Ba a rubuta wane zai ɗauki gida wane zai ɗauki shago ba, tunda Suratun Nisa'i ta riga ta yanka wa kowa nasa, kuma babu wasiyya ga magaji. Abin da ke ciki shi ne sunayen wasiyyai, jerin basussuka da amanoni, da abin da za a fitar daga sulusi, iyakar da aka gindaya wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas. A nan aka share mana wani hawaye. Yayanmu ya rasu ya bar 'ya'ya, kuma jikokin da ubansu ya riga kakansu rasuwa ba sa gado matuƙar akwai 'ya'ya maza a raye. Wasiyya ce kaɗai ƙofarsu, kuma ta halatta gare su tunda ba magada ba ne. Aka rubuta musu. Makarantar Islamiyya da rijiyar burtsatse da ya gina aka mayar da su hubusi, wato waƙafi, da takarda, suka fita daga dukiyarsa gaba ɗaya; jihar nan ma tana da Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003. A saman wasiyyar sun rubuta ɓaro-ɓaro cewa mai ita Musulmi ne kuma da shari'a bisa mazhabar Malikiyya yake so a raba dukiyarsa. Dalilinsu shi ne hukuncin Kotun Ƙoli na 1971 a shari'ar Adesubokan da Yunusa, inda aka bar wasiyyar da wani Musulmi ya yi bisa dokar Ingila ta tsaya duk da ta saɓa wa rabon shari'a.

Shawarar mayar da shago kamfani ban gamsu da yadda suka kawo ta ba. Gaskiya ne sunan kasuwanci da aka yi wa rajista da sunan mutum ɗaya yana mutuwa da mai shi, kamfani kuwa yana ci gaba, magada su gaji hannun jari ba sai an kasa atamfa tuli-tuli ba. Gaskiya ne kuma dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda mutum ɗaya ya kafa kamfani. Amma sun yi ta zuzuta alfanun suka taƙaita wahalar: rahoton shekara-shekara ga hukumar rajistar kamfanoni, akanta, fayil ɗin haraji, da raba aljihun Alhaji da na shago. Mutumin da ya saba zura hannu a durowa ya ba mai neman taimako, yanzu an ce sai an rubuta. Ni abin ya faɗo wa a ka, kuma ba wanda ya gaya mini nauyinsa tun farko.

Harajin gado na gaske a Ingila muka gamu da shi. Alhaji yana da ɗan gida a Manchester da ya saya lokacin da ƙannena suka fara zuwa karatu, ƙanwarmu ce a ciki yanzu. Dokar can ba ruwanta da cewa mai gida ɗan Kano ne bai taɓa zama a ƙasarsu ba. Muddin gidan yana ƙasarsu, harajinsu na kansa. Fam 325,000 na farko ba a taɓawa, adadin da bai motsa ba tun 2009 duk da tashin farashin gidaje, abin da ya haura kuma kashi 40 cikin ɗari ake cirewa. Gidan da ya kai fam 500,000 ke nan harajinsa fam 70,000 ne kafin a duba wani rangwame. Ka je Wapa ka tambayi canjin fam ka buga lissafin da kanka. Akwai ƙarin rangwamen fam 175,000 ga gidan da aka bar wa 'ya'ya ko jikoki, amma sai wanda mamacin ya taɓa zama a cikinsa a matsayin gidansa, don haka aka ce kada mu sa rai. Ana son kuɗin kafin ƙarshen wata na shida bayan rasuwa, in an wuce sai kuɗin ruwa ya fara hawa. Da Alhaji ya ji kalmar ruwa sai ya ce, "Wato bayan raina a sa 'ya'yana cin riba da biyan riba?"

A nan ofishin ya yi tuntuɓe, kuma ba ƙarami ba. Shawararsu ta farko ita ce a buɗe kamfani a wata ƙasa a mayar da gidan sunansa. Wannan tsohuwar dabara ce da Ingila ta toshe tun Afrilun 2017. Gidan zama da ke ƙasarsu yana cikin harajin ko da kamfanin waje ne ke riƙe da shi. Lauyar da suka haɗa mu da ita a can ce ta gyara musu a taron da aka yi ta waya, muna zaune muna ji. Da mun bi ta tasu da mun kashe kuɗin kafa kamfani a banza. Sun karɓi gyaran ba gardama, na yaba da hakan, amma wanda ya rubuta a allon ƙofarsa cewa yana tsara dukiyar gida da waje bai kamata labarin da ya kwana shekaru ya wuce shi ba. Kuɗin ita lauyar ma da fam aka biya, kuma babu shi a lissafin da suka ba mu da farko.

Ita ce ta warware mana sauran. Turawa suna rage harajin ne ta hanyar bar wa mata komai, tunda abin da miji ya bar wa matarsa ba a cire masa. Mu kuwa rabon matan aure idan akwai 'ya'ya tumuni ne, ko su nawa ne shi za su raba, don haka wannan ƙofa kaɗan take buɗe mana. Hanya ta biyu kyauta ce: ka bayar, in ka ƙara shekara 7 a duniya gidan ya fita daga lissafi, in ka rasu tsakanin shekara 3 da 7 harajin da ke kan kyautar yana raguwa mataki-mataki. Sharaɗin shi ne ka cire hannunka da gaske. In Alhaji ya kyautar amma ya ci gaba da sauka a gidan yadda ya ga dama ba ya biyan haya, hukumar harajinsu za ta ɗauka har yanzu nasa ne. Malamin fara'id da ya ji haka sai ya yi dariya ya ce, "Ai hauzi ke nan, su ma sun gano." Sai dai kyautar ma tana da kuɗinta. Tun Afrilun 2015 baƙon da ya sayar ko ya kyautar da gida a can yana biyan haraji a kan ƙarin darajar da gidan ya yi, kashi 18 ko 24 cikin ɗari a yanzu, kuma cikin kwana 60 ake kai rahoto. Ga shi takardar gida a Ingila ba ta ɗaukar sunan fiye da mutum huɗu, mu kuwa mun ninka haka, kuma an riga an yi maganar adalci tsakanin 'ya'ya.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ma ba harajin ba ne. In babu wasiyya, dokar Ingila ce za ta raba gidan da ke ƙasarta: matar aure ta fara ɗaukar fam 322,000 da rabin abin da ya saura, 'ya'ya su raba sauran rabin daidai wa daida, mace da namiji. Sai an rubuta wasiyya ta daban a kan wannan gida, da shaidu biyu waɗanda ba su da rabo a ciki, sannan za a bi rabon shari'a. Mutanen Kano nawa ne ke da gidaje a can ba su taɓa jin wannan ba?

(Ƙanena da ke sayen hannun jarin kamfanonin Amurka ta waya shi ma ya sha jan kunne. Baƙon da ba ɗan ƙasar ba kuma ba mazauninta ba, dala 60,000 kawai Amurka ke yafe masa a kadarorin da ke can, abin da ya haura harajinsa yana iya kaiwa kashi 40.)

Sauran ƙorafina na yau da kullum ne, amma suna da ciwo. Alƙawarinsu ba ya cika a kan lokaci. In an ce maka Litinin, ka sa ran wata Litinin ɗin, waya kuma sai ka yi ta bugawa. Duk takardun da Turanci suka kawo su, aka miƙa wa dattijon da Larabci da ajami yake karantawa aka nuna masa inda zai sa hannu. Na ce ba zai sa ba sai an fassara masa. Sun fassara, amma da ban yi magana ba haka za a wuce. Iyayenmu mata ma sai da muka nema aka tura lauya mace ta zauna da su, alhali su abin ya fi shafa. Sannan magatakardansu yana da baki. Ina zaune a ɗakin jira na ji shi yana ambaton unguwa da adadin gidajen wani mai hulɗa da su a waya, ƙofa a buɗe. Na gaya wa maigidansa, domin a garin nan labarin dukiyar mutum in ya fita, kafin la'asar ya isa gidan surukansa.

Batun kuɗi, da farko kaso suka nema daga darajar dukiyar. Alhaji ɗan kasuwa ne, ya ce aikin rubuta takardar gida mai tsada da mai araha duk ɗaya ne, a yanka masa farashi. Aka daidaita a kan kuɗi tsayayye, wanda bai kai abin da mutum ɗaya ke kashewa a Umrar azumi ba. Duk wanda zai je, ya nemi a rubuta masa farashin tun ranar farko, a fayyace ko kuɗin hukumomi da na lauyan waje suna ciki.

Mai gida ɗaya da albashi ba ya buƙatar duk wannan. Malamin unguwa da takardar bashi da amana sun ishe shi, sai ya tabbatar bayanansa na fansho daidai suke. Mai shaguna da filaye da iyali fiye da ɗaki ɗaya, zan tura shi wurinsu ba tare da shakka ba a kan abin da ya shafi Kano da shari'a. Mai kadara a waje kuwa ya riƙe su a kan na gida, na waje ya nemi lauyan ƙasar da kadarar take, ya ji daga bakinsa kai tsaye. Namu gidan na Manchester an sa hannu a wasiyyarsa, kuma Alhaji ya yanke cewa da zarar ƙanwarmu ta gama karatu a sayar a dawo da kuɗin gida. Satifiket ɗin filin Rijiyar Zaki bai fito ba tukuna, rabon Gwaggo a gidan Fagge kuma an ƙiyasta an biya ta, ta sa hannu.